Motar da ta tafi Hawandawaki

Wannan babin saboda ku ƙanana na rubuta shi, musamman ke Rabi, da kika tare ni ranar sunan ɗiyarki kika tambaye ni ko gaskiya ne ni na kai yayanku wurin soja. Ban amsa miki ba ran nan, don gida cike yake da baƙi, kuma ba magana ce da ake yi a tsaye ba. Gaskiya ne na je. Amma abin da ya faru kafin zuwan nawa da abin da ya biyo baya, ba wanda ya zauna ya jera muku su, ni kuwa ba na son a ɗauki magana daga tsakiya. Zan fara daga farko.

Shekarar ce ruwa ya ɗauke tun gero bai cika ido ba, rani ya shigo rumbuna wayam, soja kuma suka karɓi mulki a Yamai. A Tasawa kowace safiya sai ka tarar da matan ƙauye zaune bakin gidan likita da yara a goye, wasu yaran ko kuka ba su iya yi. A kasuwa saniya ta koma ba a bakin komai ba, don ba mai abin ba ta. Ni a lokacin ina aiki da wata ƙungiyar agaji, aikina tsara tafiyar motar ɗaukar marasa lafiya. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na iya rubutu da karatu, na kuma san kowace hanyar rairayi daga iyakar Najeriya har arewacin Mayahi, shi ya sa aka ba ni. Mota ɗaya ce, kat-kat fara mai iya shiga rairayi, direbanta Ila, mutumin da muka daɗe tare, mai yawan dariya da son goro. Motar Mayahi ta lalace a wannan rani, sai aka ɗora mana ƙauyukan can har Tchake. Mota ɗaya, direba ɗaya, ƙasa mai faɗin gaske. In ta nufi kudu, arewa sai haƙuri.

Yayanku shi ne na farko a gidanmu da ya wuce lise, wato babbar sakandare, ya je Yamai ya karanci aikin ordinatar, wato kwamfuta. Ƙungiyar ta ɗauke shi a bironta, wato ofishinta na Maradi, ba da sa hannuna ba, ina so ku san wannan. Shi ya haɗa tsarin da muka koma aiki da shi. Da can sai a turo ɗan aike a kan babur, ko a kira ni kuɗin waya ya ƙare ana cikin gaisuwa. Da tsarinsa kuwa, mutum ya rubuta kalmar MOTA a salula ya aika wa wata gajeriyar lamba, kyauta. Saƙon ya bi ta intanet ya faɗa wata na'ura a Maradi. Ita kuma ta tambaye shi abu uku, ɗaya bayan ɗaya: wane gari, wa ne ba lafiya, me ke damunsa. In ya gama ta ce masa mota na zuwa, ta haɗa amsoshin ta turo mini. Na so abin tun ranar farko, don yana da kai yana da gindi, ba a tsallake tambaya.

Wata Asabar da ya zo gida na tambaye shi a zaure yadda na'urar take gane mutum, tunda mutane da yawa ke yi mata magana a lokaci guda. Ya yi dariya, ya ajiye kofin shayinsa.

"Baba, ba ta gane kowa. A cikinta akwai mai karɓar saƙo, amma ba shi da tunani ko kaɗan. Saƙo ya shigo, ya farka, ya amsa, ya koma barci. In wani saƙon ya zo, bai san ya taɓa jin ka ba."

Na ce to ta yaya take sanin ta riga ta tambayi gari, yanzu sai ta tambayi ciwo? Ya ce shi ya sa ya yi wa kowace lambar waya gurbinta, kamar 'yan ramukan dara. Kafin mai karɓar saƙon ya koma barci, sai ya ajiye a gurbin inda magana ta tsaya. In saƙo ya sake zuwa daga lambar, ya leƙa gurbin, ya ɗora daga nan. Ya ce a wurinta lambar waya ita ce mutum. Na gyaɗa kai, na ga tsari ne mai kyau. Ban ga wani aibu a ciki ba, shi ma bai gani ba.

Da farko ya sa na'urar ta share gurbi in an ɗan jima ba a amsa ba. Wannan ya jawo ƙorafi. A ƙauyuka da yawa rezon waya ba ya samuwa sai an hau tudu, wani lokaci saƙo ya fita da hantsi, amsa ba ta shigo ba sai azahar. Mutum ya faɗi garinsu, ya sauko, ya koma tudun, ya tarar ana sake tambayarsa wane gari. Wani mai gari ya ce mini a fuskata na'urarmu ta mai da dattawa yara, ana tambayarsu abin da suka riga suka faɗa. Na kai kukan Maradi kamar yadda aka kawo mini. Yayanku ya cire iyakar lokacin gaba ɗaya: duk maganar da aka fara, gurbinta na nan har a gama ta. Ƙorafi ya tsaya. Muka yi watanni muna kwaso mata da yara, da yawansu suna raye yau.

Ranar da abin ya faru, saƙo ya shigo mini bayan azahar. Gari: Tudun Gamji, wani ƙauye a bayan Hawandawaki. Mara lafiya: mace mai naƙuda. Ciwo: jini ya ɓalle. Na kira lambar kamar yadda na saba, ba ta shiga ba, wannan kuwa ba sabon abu ba ne. Na sa Ila ya cika motar da man gazuwal, unguwarzoma ta shiga, suka nufi kudu. Bayan magariba suka dawo ba kowa. Ila ya ce mai garin Tudun Gamji ya tara mutane an tambaya gida gida, ba macen da ke naƙuda, ba wanda ya kira mota. Ya yi tsaki ya ce yara ne ke wasa da waya, in ya kama su sai sun biya shi ƙugunsa. Muka rufe garejin muka tafi gida.

Washegari da hantsi wani dogon mutum da rawani ya tsaya a ƙofar birona, ya ce yana neman mai aiko da mota. Sunansa Alhusaini, makiyayi ne daga mutanen Abzin da suka daɗe da zama a arewacin Tchake. Na ba shi kujera, ya ƙi zama. Bai ɗaga murya ba.

"An ce mana mota na zuwa. Na riga na ɗaura wa jaki amalanke, sai na kwance. Muka zauna muna kallon hanya."

Matarsa ta rasu da abin da ke cikinta. Ya binne ta ya hawo motar kasuwa ya taho, ba don komai ba sai don a gaya masa inda motar ta tsaya. Na tambaye shi wayar wa suka yi amfani da ita. Ya ce ta Sale mai koli, wanda ke yawon kasuwanni da allura da sabulu da maganin dabbobi, ya biyo ta zangonsu ran nan. Sale ne ya rubuta, yana karanta musu tambayoyin da ƙarfi. An tambayi wa ne ba lafiya, an tambayi ciwo, aka ce mota na zuwa. Na ce gari fa? Ya ce ba a tambaya ba, su sun ɗauka na'ura ta san inda waya take. Na duba lambar da ke cikin saƙona, ta Sale ce. A raina na ce baƙin ciki ne ya rikita masa lissafi, domin na'urar nan gari take fara tambaya, kowa ya san haka, ni kaina na gwada ta ba sau ɗaya ba.

A lokacin an turo wani kaftin da 'yan sojojinsa su sa ido kan kayan agaji, don ana ta jita-jitar hatsi da mai suna bin hanyar iyaka. Matashi ne, ba mugu ba, amma a gajiye yake, kuma mutum ne da ba ya kwana da magana ba mai laifi. Ya saurari Alhusaini, ya karanta saƙon da ke wayata, ya aika aka tambayo mai garin Tudun Gamji. Daga nan ya haɗa nasa lissafin. Tudun Gamji na kusa da iyaka. Sale ɗan kasuwa ne, ya san Ila. Ke nan Sale ya rubuta sunan garin da gangan don Ila ya sami dalilin zuwa can da mota cike da mai. Aka binciki motar, aka sami jarkar isansi, wato fetur ɗan Najeriya, da Ila ya sayo a hanya don babur ɗinsa, abin da kowane direba ke yi. Sale kuwa da ya ji soja na nemansa sai ya tsallaka iyaka da wayarsa. Gudun nan ya gama da Ila. Aka rufe shi a wani ɗaki bayan magazar hatsi, aka ce za a kai shi Maradi.

Ba zan ɓoye muku ba, ban san abin da zan yarda da shi ba a kwanakin nan. Na san Ila ba zai bar mace ta mutu saboda jarkar mai ba. Na kuma san na'ura ba ta tsallake tambaya. Abu biyun nan na kasa jera su. Matarsa Hadiza ta fara zuwa gidanmu kullum da safe. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta gaishe ni, ta wuce cikin gida, ta ɗauki taɓarya ta taya uwarku daka, ko ta zauna tana tsince rama. In na shigo sai dakan ya tsaya, in na wuce ya ci gaba. Ke Rabi kina ƙarama, kina bin ta kina tambaya ina Baba Ila, uwarku tana korarki.

Ana haka yayanku ya iso ranar Talata bayan la'asar, ranar da ba ta zuwansa ba. Aka kawo masa fura bai taɓa ba. Ya ce yana son magana da ni, muka zauna a zaure, ya ja ƙofa. Ya ce tun da ya ji labari yake bin sawun saƙonnin lambar Sale a cikin na'ura, ya kuma gano. Kwanaki kafin rasuwar, Sale yana Tudun Gamji, wani tsoho ya yanke jiki ya faɗi. Aka ari wayarsa aka rubuta MOTA, aka faɗi gari. Kafin a amsa tambaya ta biyu tsohon ya farfaɗo, aka mayar wa Sale wayarsa, ya ɗaura kayansa ya yi gaba. Gurbin ya zauna a buɗe da sunan Tudun Gamji a ciki. Sale ya bi kasuwanni har ya kai arewacin Tchake. Da aka sake rubuta MOTA a zangon Alhusaini, mai karɓar saƙon ya farka, ya leƙa gurbi, ya tarar an riga an faɗi gari, ya wuce tambaya ta biyu. Rabin maganar tsoho, rabin ta mai naƙuda, aka ɗinke su aka turo mini.

"Abin da na gaya mata ta yi, Baba. Ni na ce kada ta manta. Ban kawo a raina waya ɗaya za ta yi yawo hannu hannu, gari gari ba."

Na ce ni ma ban kawo ba, alhali ni na fi shi sanin cewa a ƙauye waya ɗaya ke yi wa unguwa guda aiki. Sannan na jera masa abin kamar yadda nake gani. Na farko, Alhusaini gaskiya ya faɗa. Na biyu, Sale bai rubuta ƙarya ba. Na uku, Ila ya je inda na aike shi ne. Na huɗu, mutum yana rufe a bayan magaza. Na tambaye shi wa ya gaya wa. Ya ce Madam, shugabar biron Maradi. Ta sa ya gyara nan take, ya kuma gyara: yanzu duk sanda kalmar MOTA ta shigo sai a share tsohon gurbi a fara daga gari, kuma kafin a ce mota na zuwa sai an karanta wa mutum sunan garin ya tabbatar. Amma ta ce a yi shiru tukuna har ta yi magana da manyanta a Yamai, don in soja suka ji na'ura ce ta kashe mace za su rufe tsarin duka, a koma zamanin ɗan aike. Ya ce in tuna mata nawa muka kwaso. Ya ce ba su da hujja a kan Ila, za su gaji su sake shi.

Na ce masa ban san yaushe soja ke gajiya ba. Na ce gobe ya tashi mu je tare wurin kaftin, ya faɗa da bakinsa, ni ina gefensa. Ya ce in bari ya koma Maradi da asuba ya shawo kan Madam, don in ya yi magana ba da izininta ba aikinsa ya ƙare, wataƙila ma shi za a rufe. Na ce na ba shi zuwa azahar.

Uwarku ta ji komai, don zauren namu ba ya riƙe magana. Da na shiga cikin gida ta biyo ni ɗaki. Ita mace ce da ba ta taɓa sa baki a aikina ba, ran nan ta sa.

"Malam, yaron nan bai kashe kowa ba. In ka kai shi gaban masu bindiga, su ba su san gurbi ba, wuya suka sani."

Na ce Ila ma bai kashe kowa ba. Ta ce ta sani, ai da matarsa take wuni, ita ke ganin hawayen da nake wucewa ban gani ba. Ta ce ba cewa take a bar Ila ba, cewa take in bar yaron ya kai kansa, kada a ce ubansa ne ya kai shi, don wannan ba ya gogewa. Na ce na ba shi zuwa azahar. Ta dube ni ta ce ni komai sai na sa masa lokaci kamar tashin mota. Tuwon daren nan ya koma kamar yadda aka kawo shi.

Da asuba yayanku ya tafi. Da hantsi Hadiza ta zo, wannan karon ba ta wuce cikin gida ba, ta durƙusa a ƙofar zaure. Ta ce ta kai wa Ila koko, sojan da ke gadi ya ce ta kawo masa tufafi, don da la'asar motar hatsi za ta koma Maradi, da shi za a tafi. Na san in ya shiga gidan kaso na Maradi, fitarsa sai an yi watanni, in ma ya fita da lafiya. Na tafi biro na zauna da waya a gabana. Na kira yayanku, ya ce Madam tana taro. Na sake kira, ya ce ta ce a jira amsar Yamai, yana roƙona in ƙara masa zuwa gobe. Na ce motar la'asar za ta tashi. Sai layin ya yanke. Ko shi ya kashe ko rezo ne, ban sani ba. Aka kira azahar, na yi salla, na sa hulata, na nufi magaza.

Kaftin yana zaune a kan buhu yana cin gyaɗa, takardu a cinyarsa. Na nemi izini na faɗa masa komai daga farko, da tsohon Tudun Gamji, da yawon Sale, da gurbin da ya zauna a buɗe. Ya bar ni na gama, bai katse ni ba. Sannan ya kakkaɓe hannunsa.

"Tsoho, na ji. Amma ni ba zan iya rufe na'ura a ɗaki ba, ba zan kuma rubuta wa manyana cewa gurbi ne ya yi laifi ba. Wa ya haɗa ta? Ba ni suna."

Kun san ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, ko a gida ko a waje, haka na tarar iyayena suna yi, haka na yi. A lakwal ma, makarantar boko, da na kai shi, ƙanena ne ya faɗa wa malamin. Na ce wa kaftin ɗana ne. Ya ce ɗana ba suna ba ne. Ya ɗauki alƙalami ya ɗora a kan takarda yana jira. Na faɗa. Muryata ce, amma na ji sunan kamar na wani baƙo. Ya rubuta, ya ɗaga kai ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce a sauke Ila daga tafiyar yau, a kira Maradi yaron ya zo gobe da safe.

Ya zo. Bai biyo ta gida ba, daga tasha ya wuce magaza, da farar rigarsa ta aiki. Ya gaishe ni kamar yadda ake gaida dattijon da ba a sani ba. Aka fito da Ila aka tsayar da shi a jikin bango, ya rame, gemu ya fito masa. Kaftin ya ce shi ba ya son dogon turanci, gwadawa zai yi. Ya ciro wayarsa ya rubuta MOTA. Aka tambaye shi gari, ya rubuta Hawandawaki. Tambaya ta biyu ta shigo, ya ƙi amsawa. Ya miƙa wa sajansa wayar ya ce to kai ne makiyayin, fara naka. Sajan ya rubuta MOTA. Muka tsaya muna jira, ba mai motsi, sai ƙarar masu sauke buhuna a waje. Wayar ta yi ƙara. Sajan ya karanta da ƙarfi: wane gari?

Sai a lokacin na tuna an gyara na'urar. Na faɗa wa kaftin komai jiya, ban da wannan, don hankalina yana kan abin da ya riga ya faru. Ya karɓi wayarsa ya sake gwadawa, amsa ɗaya. Ya juyo gare ni a hankali. Ya ce na ɓata masa lokaci, na kuma yi abin da bai taɓa gani ba, na ɗora wa ɗan cikina laifi don in fitar da abokina. Ya tambaye ni nawa Ila ke ba ni a kowace jarka. Ya ce wa saja a gyara ɗakin, yau mutum biyu zai ɗauka. Na buɗe baki in ce an gyara ta, sai na ga ba ni da abin nunawa. Na'urar tana Maradi, cikinta yayanku kaɗai ne a ɗakin nan ya iya gani. In ya yi shiru, aikinsa na nan, tsarinsa na nan, sunansa fes. Ban dube shi ba. Na sa idona a kan buhunan da ke gabana, na ƙudura ba zan roƙe shi ba.

"Mon kapiten," na ji ya ce, "na canza ta ranar Litinin. Kafin nan, yadda Baba ya faɗa haka take. Saƙonnin suna nan, da ranakunsu, zan buɗe maka."

Ila ya sulale ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu.

Sauran kun san wasu. An saki Ila a ranar, yayanku ya shiga ɗakin da ya fito. Bai daɗe ba, don kaftin da ya ga saƙonnin da idonsa ya gane ba mugunta a ciki, amma sai da ya rubuta rahotonsa. Aka dakatar da tsarin, kamar yadda Madam ta ce za a yi, ba a kuwa sake buɗe shi ba. Muka koma ɗan aike da kiran da ke yankewa, kuma na san akwai waɗanda motar ba ta kai gare su ba a sauran ranin nan saboda haka. Ba na musun wannan. Ƙungiyar ta sallami yayanku, ba don kuskuren ba, don ya yi magana ba da izini ba. Na je zangon Alhusaini da kaina na gaya masa inda motar ta tafi da dalili. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya sa aka dama mini fura da ɗan nonon da ya rage musu. Uwarku ta yi wata guda ba ta ce mini komai ba sai ga abinci, ga ruwa.

Ranar da aka saki yayanku ni na je ɗaukarsa. Muka taho a ƙafa ta bayan kasuwa, yana gaba ina baya. Ya kwana biyu a gida, ya haɗa jakarsa ya ce zai tafi Kano neman aiki, can ɗin da yake har yanzu. Na raka shi tasha. Motar ta cika saura mutum ɗaya, muka tsaya a inuwar rumfar mai shayi. Ina so in ce masa abin da ya yi a magaza ya fi duk karatunsa, amma bakina bai saba da irin wannan ba, sai na ce ya kula da jakarsa a iyaka. Ya ce to. Kamasho ya fara kira. Ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya juyo.

"Baba, da ka ƙara mini kwana ɗaya, da na je da ƙafata."

Na ce motar la'asar ba za ta jira kwana ɗaya ba. Ya ce ya sani. Ya shiga, aka rufe ƙofa.

Tun daga ran nan ba mu sake ta da maganar ba. Yana zuwa da salla, yana durƙusawa ya gaishe ni, yana aiko da abin da ya samu, amma bai sake zama da ni a zaure shan shayi ba. Na juya maganarsa ta tasha a raina shekara da shekaru. Wata rana in ce da ya je, wata rana in ce da Yamai ta ce a ƙara jira, shi ma ya ƙara. Abin da na gani da idona shi na rubuta muku, wannan kuwa ban gani ba. Yana da rai, kuna da lambarsa. In kuna son sani ku tambaye shi, ni ban iya ba.